Ɗakin ƙasa, ɗakin bulo ko keji: wanne ya fi wa kaji a garin sanyi?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan na masu kiwon kaji ne a bayan gida, irin daga goma zuwa ɗari haka, musamman waɗanda ke zaune inda sanyi ke yi da gaske wato Jos, Bukuru, Vom, Pankshin, da can Mambilla wajen Gembu da Nguroje. Mutanen Kano, Katsina, Damagaram da Maraɗi su ma za su tsinci nasu a ciki tunda daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya raga wa kowa. Tambayar da ake yawan yi ita ce wai in gina musu ɗaki ne ko in sa kafinta ya buga min keji, in kuma ɗakin ne to na ƙasa ko na bulo.

Abu na farko da nake so mu yarda da shi, babbar kaza mai cikakken gashi ba ta jin tsoron sanyinmu kamar yadda muke zato. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, ya fi na mutum, in sanyi ya sauko sai ta buɗa gashinta ta kwanta kan ƙafafunta ta cusa kai a fiffike shi kenan. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai, da dare a Disamba da Janairu sanyi kan sauko wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, mu muna ta rawar ɗari amma ita kaza za ta iya da wannan, ai a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba ma ana kiwonta ba tare da an hura mata wuta ba. Abin da ke kayar da kaji a garin sanyi abu uku ne, iska mai bugun jikinsu kai tsaye da dare, danshi a ƙasan ɗaki, sai kuma toshe ɗakin ruf da mai shi ke yi saboda tausayi. Na ukun nan ya fi sauran ɓarna wallahi. 'Yan tsaki kuwa lissafinsu daban ne, zan zo kansu.

To ga abin da zan auna kowane irin ɗaki da shi.

Yadda yake tare iska daga ƙasa amma ya bar ta ta fita ta sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka bangon arewa da na gabas su ne ya kamata su zama a rufe, ƙofa da taga su kalli kudu ko yamma. Amma dole a sami kafa can sama kusa da rufi, sama da kan kajin in sun hau sandar kwana, don tururin numfashinsu da warin kashi su samu hanyar fita. Gwajin mai sauƙi ne, da dare ka kunna ashana daidai inda suke kwana, in harshen wutar ya kwanta gefe ɗaya iska na bugunsu. Da asuba kuma kafin ka buɗe, ka shiga ka tsuguna kanka ya zo daidai tsayin kaza, in ka ji wari ya shiga idonka har da hawaye to abin da suka kwana suna shaƙa kenan, kuma daga nan mura da minshari da kumburin ido ke farawa.

Sai riƙe ɗumi da bushewar ƙasa. Sai tsaro, muzuru, tunku, gafiya, ɓera, maciji, shaho da rana, da kuma ɓarawo mai ƙafa biyu wanda kasuwarsa ke buɗewa gab da Kirsimeti da Sallah. Sai sauƙin shara, don ɗakin da ba ya sharuwa cikin sauƙi ba za a share shi ba, mu faɗi gaskiya. Sai kuɗi da ƙarko. Farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya yanzu, don haka zan yi lissafi da yawan kaya kai kuma ka je kasuwa ka buga da farashin ranar. Na ƙarshe wanda ake mantawa, sanyin nan wata uku ne, bayansa akwai zafin Maris da Afrilu, akwai marka a Yuli da Agusta, ɗakin da ka gina don sanyi kaɗai zai dafa maka kaji a bazara.

Ɗakin ƙasa

A wajen riƙe ɗumi babu wanda ya kama ƙafarsa. Bango mai kauri yana shan rana da yini ya riƙa sako ɗumin a hankali cikin dare, da rana tsaka kuma ciki da sanyi, wato yana yi maka aiki a hunturu ya yi maka a bazara. Kuɗinsa kaɗan ne in kana da jar ƙasa a kusa, abin da za ka kashe shi ne na magini, ƙofa, raga da rufi. A Filato ga dutse ko'ina, a sa harsashi da dutse ya tashi kamar ƙafa ɗaya daga ƙasa kafin a ɗora tubali, don abin da ke cin ginin ƙasa a Jos da Mambilla ruwa ne, feshin ruwan sama a gindin bango. Rufin ya zarce bango da ƙafa biyu aƙalla.

Matsalarsa tsagewa. Duk tsagar da ta fito gida ce ga ƙuma da kaskar kaji, waɗanda ke ɓuya da rana su fito da dare su sha jini, sai ka ga kaza ta rame, tukkunta ya yi fari, ƙwai ya ragu, kana ta zargin abinci. In kana so ka tabbatar, da dare ka goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar kwana, in ka ga jan layi-layi to su ne. Maganin wannan yaɓe ne mai santsi ta ciki, a shafe da farar ƙasa, duk shekara kafin damina a bi a liƙe. Ƙasan ɗakin kuma don Allah a yi masa daɓen siminti ko da siriri ne, in ba haka ba gafiya za ta haƙo ta ƙasa kuma ba za ka taɓa iya wanke shi ba bayan cuta ta shiga. Masu ginin ƙasa sun saba yin taga ƙarama ɗaya, ka ce a'a, kana son kafofi a jere can sama ta kudu da yamma a liƙa musu raga, da kuma ƙofar da mutum zai shiga a tsaye.

Rufi fa? Jinka ta fi ɗumi kuma ba ta ɗiga raɓa, amma ɓera na son ta, wuta ma haka, in za ka sa gawayi a ciki manta da ita. Kwano ya fi ƙarko sai dai shi kwano tsirara a garin sanyi yana yin gumi, ka shiga da asuba ka kai hannu ƙarƙashinsa za ka ji ruwa, numfashin kajin ne ya taru ya koma yana ɗiga a bayansu da kan shimfiɗa. A yi masa silin ko da na zana ne ko kwali mai kauri, a bar ɗan fili tsakani.

Ƙaramin akurki irin na gargajiya shi ma a nan yake shiga. Ga kaza mai kwanci ko mai 'yan tsaki yana da kyau ƙwarai, da ɗumi, ba iska. Amma a tura kaji goma sha biyar ciki a toshe bakin da dutse, babu kafa ko ɗaya, hannu ma ba ya kaiwa ƙurya balle tsintsiya, wannan kam ba ɗaki ba ne.

Ɗakin bulo mai raga

Shi ne irin na masu gidan gona, gajeren bango jeri uku sauran duk raga har rufi. An tsara shi ne don garin zafi, to in ka kwafo shi yadda yake ka dasa a Bukuru ko Gembu iska za ta ratsa shi ta wannan gefe ta fita ta wancan. Gyaran da ake masa, arewa da gabas a kai bango har sama, kudu da yamma a bar jeri uku ko huɗu sannan raga, tsawon ginin ya miƙe gabas zuwa yamma.

Lissafi, ɗaki mai ƙafa 10 da 12 zai ɗauki kaji 35 zuwa 40 irin su Noiler ko masu ƙwai irin ShikaBrown ɗin nan da aka samar a Shika ta Zariya, wato kowace kaza ta samu wajen ƙafa 3 murabba'i. Kowane jeri ɗaya na zagayen ɗakin yana cin bulo kamar 30, in ka kai gefe biyu sama jeri tara ko goma, sauran biyun jeri uku, za ka tashi da bulo wajen 200 ban da harsashi. Sai siminti na gini da daɓe, katakon rufi, kwano wanda bandir ɗaya mai falle 20 zai ishe ka, raga, ƙofa. Shi ya fi kowanne tsada a farko, ba musu, amma shi ne wanda za ka yi sau ɗaya ka manta, gara ba ta cin sa, ruwa ba ya zaizaye shi, kuma in cuta ta shiga za ka kwashe komai ka wanke da ruwa da magani ka bar shi ya sha iska sati biyu ka sake zubawa.

Bulo ba ya riƙe ɗumi kamar ƙasa, daɓen siminti kuma sanyi gare shi, saboda haka duk ɗumin ɗakin nan yana kan shimfiɗa da labule. Shimfiɗa a zuba diddigar katako mai fala-fala irin ta injin fere, ba garin zarto mai laushi ba wanda ke shiga hanci, ko ɓuntun shinkafa, kauri inci 4 ko fiye. Kana juya ta duk bayan kwana biyu ko uku. Ka damƙi ɗan kaɗan a hannu ka matse, in ka buɗe hannu ta wargaje lafiya lau, in ta dunƙule ta jiƙe, kwashe wajen, kuma yawanci gindin mazubin ruwa ne, ɗora shi kan bulo.

Labulen nan shi ne inda kusan kowa ke yin kuskure. Ana ƙulla tamfol ko buhu daga sama a sake shi ƙasa, in za a buɗe a naɗe daga ƙasa, to ka ga iska ta shigo daidai kan kajin, warin kuma ya maƙale a sama ba mafita. A juye ake yi. Ka kafe tamfol ɗin a jikin gajeren bangon, ka riƙa jan sa sama da igiya, da dare ka bar inci 6 zuwa ƙafa ɗaya a buɗe can sama, da hantsi rana ta fito ka sauke shi rabi ko duka. Buhun abincin kaji da aka farke aka ɗinke ya fi leda, don shi yana ɗan numfashi.

Raga kuma kar a yi arahar banza. Siririyar ragar nan mai ido shida kaji kawai take tarewa, kare ko muzuru mai naci zai yaga ta, ɓera da maciji kuwa ta cikin idon suke wucewa. Mai ƙaramin ido rabin inci ta fi tsada amma ita ce tsaro, ko da a ƙasa-ƙasa ne a sa ta.

Kejin katako mai ƙafa

Shi ne abokin ɗan haya. Kafinta zai buga shi cikin kwana biyu ko uku, in za ka tashi ka ɗora shi a mota, in hunturu ya tsananta ka ja shi jikin katanga ko ƙarƙashin rumfa. Kuɗinsa bai kai na gini ba ko kusa, matuƙar kajin ba su wuce goma sha biyar ko ashirin ba, in sun wuce haka kuɗin keji biyu uku ya fara kamo na ɗakin ƙasa.

Lagonsa a garin sanyi ƙasansa ne. Yawanci raga ake sa wa don kashi ya zuba ƙasa, to iska ma ta nan take hawowa, ta bugi ciki da ƙafafu, wurin da kaza ke ɓoyewa in ta kwanta. Ko dai a yi ƙasan da katako a zuba diddiga, ko a yi tire na kwano da ake zarewa a ƙarƙashin ragar, yana tare kashi yana tare iska. Baya da gefe biyu a rufe da katako, gaba kaɗai raga, a bar siririyar kafa ƙarƙashin rufi. Katako shi kansa ba shi da sanyi, in an yi haka kejin yana ɗumi sosai don wurin ƙarami ne, jikinsu ma ya isa.

Ƙarko kam sai a hankali. Filawud in ya sha damina ɗaya a waje zai fara ɓarewa falle-falle, farin katako mai taushi gara ta fi so. A ɗora ƙafafun kan dutse ko bulo, a shafa musu baƙin mai daga waje, a bar shi ya bushe kafin a sa kaji. Mahaɗar katako ma maɓoyar ƙuma ce. Sannan keji abu ne da mutum biyu za su iya ɗauka da kajin a ciki, in gidan ba katanga ka yi tunani.

Kejin waya irin na masu ƙwai

Ba zan daɗe a kansa ba. Shi ba ɗaki ba ne, kayan cikin ɗaki ne, duk wanda ya sayo shi ya ajiye a tsakar gida ya yafa tamfol ya zalunci kajin. Ƙarfe ne ta ko'ina, ba shimfiɗa, ba sandar hawa, iska ta sama ta ƙasa. Amfaninsa ƙwai na fita da tsabta, ka san wadda ke yi da wadda ke cin abinci a banza, kuma da yake ba sa taka kashinsu tsutsar ciki da kashin jini suna raguwa. In wayar ba galbanais ba ce kashin kaji zai cinye ta da tsatsa. Kuɗinsa biyu ne, na kejin da na ɗakin da za a sa shi.

| Iri | Kuɗin farko | Ƙarko | Riƙe ɗumi | Shara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗakin ƙasa | kaɗan zuwa matsakaici | mai kyau in ana yaɓe duk shekara | ya fi kowa | matsakaici, sai da daɓe | ƙuma, gafiya, ruwan sama |
| Ɗakin bulo mai raga | mai yawa | ya fi kowa | matsakaici, sai da labule da shimfiɗa | mai sauƙi | iska in labule ba daidai ba, toshewa in an wuce gona da iri |
| Kejin katako | kaɗan | gajere in yana waje | mai kyau in an rufe ƙasa | mai sauƙi in da tire | gara, ruɓewa, sata |
| Kejin waya | mai yawa, ga kuɗin ɗaki | ya danganta da wayar | babu | kullum sai an kwashe kashi | sanyi, tsatsa |
| Ƙaramin akurki | kusan kyauta | matsakaici | mai kyau | da wuya ƙwarai | cunkoso, rashin iska |

'Yan tsaki

Duk abin da na faɗa na cewa kaza na jure sanyi bai shafi ɗan tsako ba. Satin farko yana buƙatar digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da kamar digiri 3 duk sati har gashi ya rufe shi wajen sati biyar ko shida, a Jos cikin Janairu ma gara ka ƙara musu sati ɗaya da dare. Babu ɗaya cikin ɗakunan nan da zai ba da wannan zafin shi kaɗai. A cikin ɗakin ake kewaye musu wuri da kwali ko silin mai tsayin inci 18, a zagaye, kar a bar kusurwa don a kusurwa suke taruwa su danne juna su mutu. Ƙwan lantarki ya fi tsabta amma in aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare kana barci ka shiga uku, shi ya sa yawancinmu gawayi ne a kurfoti ko tukunyar ƙasa mai huji. A hura shi a waje, sai ya yi ja hayaƙi ya ƙare sannan a shigo da shi, a ɗora kan bulo nesa da diddiga, kuma kafar sama ta zauna a buɗe, don gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe tsaki yana kashe mutum ba tare da an ga hayaƙi ba. Ba sai kana da ma'aunin zafi ba, ka kalle su, in sun dunƙule a gindin wuta suna tsuwa sanyi ne, in sun gudu bakin kwali baki buɗe zafi ya yi yawa, in duk sun koma gefe ɗaya iska ce ke shigowa ta ɗaya gefen. A nan ɗakin ƙasa mai rufin kwano da silin ya fi cin riba, gawayin da zai ci bai kai na ɗakin bulo ba. Kejin katako da gawayi kuwa ban yarda da haɗin ba sam.

Wani abu, mutane na ganin kaji na zubewa a hunturu su ce sanyi ne, alhali sau da yawa cutar Newcastle ce, wadda ake kira fakat, lokacinta kenan. Ba ginin da ke tare ta, sai riga-kafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda take nan tun 1924, tana yin allurar, akwai Lasota akwai I-2 da ake ɗigawa a ido wadda ta fi jure zafin hanya, ku tambayi likitan dabbobi na kusa tun kafin Nuwamba. Kazar da aka sayo kasuwa ko aka kawo kyauta ta yi sati biyu a ware, wanda ke nufin ko wane ɗaki ka zaɓa kana buƙatar ɗan keji guda a gefe.

To wa ya dace da me? In haya kake, kajinka ba su wuce ashirin ba, kejin katako mai rufaffen ƙasa, a jingine da katangar da ke tare iskar arewa maso gabas. Hajiya mai kajin gida da ke yawo da rana su dawo da magariba, ɗakin ƙasa madaidaici mai daɓe da sandar kwana, kowace kaza inci 8 zuwa 10 a kan sandar, gurbi ɗaya ga kaza huɗu ko biyar, sai akurki ɗaya ko biyu na masu kwanci. In gidanka ne kuma kana nufin kasuwanci, arba'in zuwa ɗari, buroila ko masu ƙwai, daure ka yi na bulo, gefe biyu a rufe, labule daga ƙasa. Mai sana'ar rainon tsaki ya sayar a sati huɗu, ɗakin ƙasa ko na bulo mai cikakken bango da silin. Mutanen Mambilla da ruwa ya fi sanyi damunsu, kuɗinku ya fara tafiya kan harsashi mai tsayi da rufi mai faɗi kafin komai. Na Kano da Damagaram kuma ku gina don zafi, raga ta yi yawa, tamfol ɗin wata uku ne kawai sai a naɗe a ajiye. Kejin waya sai wanda ya riga yana da ɗaki kuma ƙwai kaɗai yake nema.